Rai a Sama, Igiya a Ƙasa: Haƙƙin Ƙananan Ma'aikatan Gyaran Bishiya a Birtaniya

Tun kafin gari ya gama wayewa ake fara aikin gyaran bishiya a Birtaniya. Misalin ƙarfe bakwai ma'aikata sun hallara a farfajiyar kamfani, ana wasa haƙoran zarton inji, ana zuba mai, ana loda igiyoyi, ana ɗaura injin niƙa rassa a bayan mota. Idan aka isa gidan da za a yi aiki, mutum ɗaya ne zai ɗaura ɗamarar hawa ya haye sama. Shi maƙwabta ke leƙowa ta taga su kalla, shi ake ɗauka hoto. Sauran mutum ɗaya ko biyu suna ƙasa, suna jan rassa, suna riƙe igiya, suna tsare hanya, suna shara. Da yamma idan aka zo batun kuɗi, na ƙasan nan da ɗan koyon da bai daɗe da fara hawa ba su ne a ƙarshen layi.

Muhawara kan abin da ya dace a biya waɗannan rukunoni biyu ta daɗe tana yawo a tsakanin masu sana'ar. Masu kamfanoni na cewa ribar ba ta kai yadda ake zato ba. Matasa na cewa suna sayar da ƙarfinsu da lafiyarsu a farashin da bai fi na mai jera kaya a kanti ba. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, amma idan aka bi lissafin daki-daki, za a ga inda nauyin ya fi karkata.

Ƙasar da aikin bishiya ba ya ƙarewa

Biranen Birtaniya cike suke da manyan bishiyoyi, a bakin titi, a maƙabartu, a makarantu, a bayan gidaje. Da yawa daga cikinsu sun girmi gidajen da ke kusa da su, kuma ba a sare su yadda aka ga dama. Ƙaramar hukuma tana da ikon sanya wa bishiya dokar kariya, ta yadda ko reshe ba za a taɓa ba sai da izininta. A unguwannin da aka keɓe saboda tarihinsu, sai an ba hukuma sanarwar mako shida kafin a fara aiki. Ita kuma dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta lalata sheƙar tsuntsu muddin yana amfani da ita. Saboda haka sana'ar tana buƙatar sanin doka da sanin halin bishiya, ba ƙarfin damtse kawai ba.

Cututtuka da guguwa kuma suna ƙara yawan aikin. A shekarun 1970 wata cuta ta hallaka miliyoyin bishiyoyin elm a faɗin ƙasar. Guguwar Oktoban 1987 ta kayar da bishiyoyi kimanin miliyan 15 a dare guda, ta Arwen a Nuwamban 2021 ita ma ta yi ɓarna makamanciyar wannan a Sikotland da arewacin Ingila. A 2012 aka tabbatar da ɓullar cutar da ke busar da bishiyar ash, wadda wani bincike da masana na Jami'ar Oxford suka jagoranta a 2019 ya ƙiyasta cewa za ta ci wa ƙasar kusan fam biliyan 15. Bishiyar da wannan cuta ta kama takan yi gautsi, reshen da ake ganin lafiyayye ne sai ya karye ba zato, shi ya sa ake ba da shawarar amfani da motar ɗaga ma'aikaci maimakon hawa da igiya duk inda hali ya yi.

Aiki dai ga shi nan birjik, kuma kamfanoni na kukan ƙarancin ƙwararrun hannu. A kasuwar da haka take, kamata ya yi a ga albashi yana hawa tun daga tushe. Dalilin da ya sa ba haka abin yake ba yana cikin yadda aka ɗauki aikin na ƙasa.

Abin da na ƙasa yake riƙe da shi

Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka na ƙasa lebura ne mai kwashe shara. Gaskiya ne yana kwashewa, kuma wahalar ba kaɗan ba ce. Yakan wuni yana jan rassa ta ƙunƙuntar hanyar gefen gida zuwa titi, yana ɗaukar gumaguman itace a kafaɗa, cikin ruwan sama da laka da sanyin da ke sa yatsu su ƙage. Amma wannan shi ne mafi sauƙin abin da ke wuyansa.

Idan bishiya tana tsakanin gidaje, ba a kayar da ita gaba ɗaya. Guntu-guntu ake sauke ta. Mahayi zai ɗaure reshe da igiya, igiyar ta bi ta ƙugiya a sama, ta sauko ta naɗe wani ƙarfe da aka ɗaure a jikin kututture, ƙarshenta kuma yana hannun na ƙasa. Da zarar an yanke reshen, nauyinsa duka ya koma kan wannan igiya. Idan na ƙasa ya riƙe ta tamau, bishiyar za ta yi girgizar da ka iya fyaɗa mahayi da kututture, zarto na kunne a hannunsa. Idan ya sake ta fiye da kima, reshen ya faɗa kan rufin mutane. Sanin yadda za a bar igiya ta ɗan gudu sannan a tsayar da ita a hankali, ilimi ne da ba a samunsa a mako guda. Tsofaffin mahaya sun san haka, shi ya sa kowannensu yake da wanda ya fi so ya riƙe masa igiya.

Shi ne kuma idon mahayi a kan abin da ba ya gani daga sama: yaron da ya ɓullo a keke, wayar lantarki, igiyar hawa da ta doshi bakin injin niƙa. Injin nan yana jan reshe mai kaurin cinya ya mayar da shi ɓarɓashi cikin daƙiƙoƙi, kuma ba ya bambance itace da hannun riga.

Sai babban nauyin, wanda ƙa'ida ta ɗora masa. Hukumar kula da lafiya da kiyaye haɗurra a wuraren aiki, wato HSE, ta tanadi cewa ba a hawa bishiya da mutum ɗaya. Dole a samu wani a wurin wanda ya ƙware, yana da kayan hawa a kusa, zai iya hayewa nan take ya sauko da mahayi idan ya ji rauni. Mutumin da zarto ya yanke wa jijiya yana rataye a sama ba shi da lokacin jiran motar kashe gobara. A ƙaramar tawaga, mai ceton nan shi ne dai wanda ke jan rassa. Ke nan mutumin da ake biya kuɗin share fili, shi ne ake sa ran zai ceci rai idan ta ɓaci.

Tsanin da ɗan koyo ke hawa da aljihunsa

Matashi kan shigo sana'ar ta ɗaya daga hanyoyi biyu. Wasu suna bi ta kwalejoji irin su Myerscough a Lancashire, Merrist Wood a Surrey, Capel Manor a Landan, ko ta tsarin koyon sana'a na gwamnati inda ake aiki ana karatu. Wasu kuma kai tsaye suke zuwa wurin mai kamfani su fara da jan rassa. Ko ta ina aka bi, sai an tara takardun shaidar ƙwarewa, waɗanda hukumomin City & Guilds da Lantra ke bayarwa. Har yau ma'aikata suna kiransu da tsofaffin lambobinsu. CS30 ita ce ta kula da zarton inji da yanka itacen da ke kwance. CS31 ta kayar da ƙananan bishiyoyi. CS38 ta hawa da ceton wanda ya maƙale a sama. CS39 ta aiki da zarto alhali mutum yana rataye da igiya. Bayansu akwai na injin niƙa, na sauke rassa da igiya, na agajin gaggawa.

Kowace takarda tana cin ɗaruruwan fam, ga kwanakin da za a yi a wurin horo ba a samun ko kwabo. Kayan jiki ma haka: wandon da aka saƙa da zaren da ke cushe zarto idan ya taɓa ƙafa, takalma masu kariya, hular kwano mai toshe kunne da ragar fuska. Idan aka zo kayan hawa, ɗamara da igiyoyi da ƙugiyoyi da ƙaramin zarton hawa na Stihl ko Husqvarna, kuɗin yakan haura fam dubu cikin sauƙi. Tun daga 2020, bayan matsayin da HSE ta ɗauka bisa dokar aiki a wuri mai tsawo ta 2005, ƙa'idar sana'ar ta koma hawa da igiya biyu, ɗaya ta aiki ɗaya ta kariya, wanda ya ƙara kaya ya ƙara lokaci. Wata dokar ta 1998 kuma ta wajabta a kai kayan hawa wurin ƙwararre ya bincika su duk wata shida.

To amma takarda ba ta mayar da mutum mahayi. Wanda ya ci jarabawar hawa jiya yana iya shafe rabin yini a kan aikin da gwani zai gama kafin shan shayin safe. Mai kamfani yana kallon agogo, ya san ya yi wa mai gida farashin yini ɗaya, sai ya ce wa gwani ya hau, ɗan koyo ya koma jan rassa. Haka za a yi ta tafiya, yaro yana da takardar hawa a aljihu amma ba a ba shi bishiya. In an ba shi kuma, sai a ci gaba da biyansa kuɗin na ƙasa da hujjar cewa ana koya masa ne. Watanni su zama shekara, saurinsa ya ƙaru, ya fara gama ƙananan ayyuka shi kaɗai, kamfani yana karɓar kuɗin mahayi a kansa, albashinsa yana nan inda yake. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Lissafin kuɗin yini

A watan Afrilun 2025 gwamnatin Birtaniya ta ɗaga mafi ƙarancin albashi ga mai shekara 21 zuwa sama daga fam 11.44 zuwa fam 12.21 a awa. Masu shekara 18 zuwa 20 aka yanka musu fam 10, 'yan koyon sana'a fam 7.55. Cikakken ma'aikaci kuma yana da hutun kwana 28 a shekara da albashinsa, yana da kuɗin jinya idan ya kwanta, mai kamfani yana zuba masa aƙalla kashi 3 cikin ɗari a asusun fansho, kuma doka ta hana a caje shi kuɗin kayan kariya.

Sai dai da yawa daga masu aikin ƙasa ba a ɗauke su a matsayin ma'aikata ba. Ana ce musu masu zaman kansu, ana biyansu kuɗin yini, su je su ji da harajinsu. A kunnen matashi wannan yana da daɗin ji. A ɗauka an yi masa tayin fam 100 a yini. Idan daga farfajiyar kamfani zuwa komawa farfajiya awa goma ce, wanda ba baƙon abu ba ne a lokacin bazara, awarsa ta tashi a fam 10, ƙasa da abin da doka ta yanka wa ma'aikaci mai shekara 21 zuwa sama. Idan ya yi aiki duk ranakun mako na shekara, ya cire kwana 28 na hutun da ba mai biyansa, ya samu kwana 232, wato fam 23,200. Takwaransa da ke kan mafi ƙarancin albashi na 2025, yana awa 40 a mako, zai tashi da kusan fam 25,400, ga fansho, ga kayan kariya kyauta. Kuma daga cikin na farkon ne za a cire inshora, da wando da takalmi, da kuɗin horo, da ranakun da iska ta hana hawa aka bugo masa waya da asuba aka ce ya zauna gida. Ranar da ya gurɗe ƙafa kuwa, samu ya tsaya cak.

Akwai mahaya na gaske masu zaman kansu, gwanaye da ke zuwa da kayansu, suna yi wa kamfanoni daban-daban aiki, suna yanka farashinsu, suna ƙin aikin da bai yi musu ba. Waɗannan sun san abin da suke yi kuma suna samu. Amma yaron da kamfani ɗaya yake yi wa aiki Litinin zuwa Juma'a, yana shiga motar kamfani, yana sa rigar kamfani, ana faɗa masa ƙarfe nawa zai zo da abin da zai yi, da wuya a kira shi mai zaman kansa. Kotun Ƙolin Birtaniya ta yi magana a kan irin wannan har sau biyu a 'yan shekarun nan: a shari'ar kamfanin Pimlico Plumbers a 2018, da ta direbobin Uber a 2021. A duka biyun kotu ta dubi yadda aikin yake gudana a zahiri, ba sunan da aka rubuta a takarda ba, ta ce mutanen ma'aikata ne masu haƙƙi. Tun daga Afrilun 2022 ma an faɗaɗa dokar kayan kariya ta haɗa da irin waɗannan ma'aikata da ba su da cikakkiyar kwangila.

Kukan masu kamfani

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Mafi yawan kamfanonin gyaran bishiya ƙanana ne, mutum ɗaya ne da mota ɗaya ko biyu, sau da yawa shi ma tsohon mahayi ne da gwiwa ta fara ba shi matsala. Injin niƙa sabo ya haura fam dubu goma. Ga mota, ga mai, ga hayar fili, ga inda za a zubar da ɓarɓashi. Doka ta tilasta masa inshorar ma'aikata ta aƙalla fam miliyan 5, ban da wadda zai yi saboda dukiyar jama'a. A Afrilun 2025 kason da mai ɗaukar ma'aikata ke biya na inshorar ƙasa ya tashi daga kashi 13.8 zuwa 15 cikin ɗari. Idan cinikinsa ya wuce fam 90,000 a shekara, dole ya ɗora harajin kashi 20 a kan farashinsa, alhali ɗan ƙaramin abokin takararsa ba ya ɗorawa.

Babbar damuwarsu kuwa ita ce, a Birtaniya ba a buƙatar lasisi kafin mutum ya kira kansa likitan bishiya. Duk wanda ya sayi zarto da tsohuwar mota zai iya bin gida-gida yana ƙwanƙwasa ƙofa, ba inshora, ba takarda, ya yi rabin farashi, ya je ya zubar da rassan a bakin gonar wani. Ƙungiyar Arboricultural Association, wadda aka kafa a 1964, tana da tsarin tantance kamfanoni, amma shiga na ganin dama ne, kuma masu gidaje da yawa ba su ma san da shi ba.

Suna kuma kukan cewa sukan kashe kuɗi su horar da yaro, da zarar ya iya hawa sai ya tafi inda aka ƙara masa, ko ya buɗe nasa ya zama kishiya. Wannan yana faruwa. Amma tambayar da ya kamata mai kamfani ya yi wa kansa ita ce, me ya kore shi? Yaron da ya shekara biyu bai ga ƙari ba, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa ga abin da zai samu idan ya kai mataki kaza, ba shi da dalilin zama. Tsadar inji da haraji gaskiya ne, sai dai ba ɗan shekara ashirin da ke riƙe da igiya ne ya kamata ya biya su daga guminsa ba.

Inda arha ke komawa haɗari

Abubuwa uku ne suka fi kashe masu wannan sana'a ko naƙasa su: faɗowa daga sama, faɗowar itace a kan mutum, da yankan zarto. Akwai kuma waɗanda ke zuwa a hankali, ciwon baya da kafaɗa, raunin ji, da mutuwar yatsu da girgizar inji ke jawowa. Kaɗan ne ke iya ci gaba da hawa kullum har tsufa, don haka shekarun samu a sana'ar ba su da yawa.

Ƙarancin biya yana da hannu a cikin waɗannan. Wanda ya sayi igiya da kuɗinsa zai ja ta fiye da wa'adinta. Wanda ba a biyansa ranar jinya zai fito aiki da ciwo. Ɗan koyon da ke son a ce ya iya zai karɓi bishiyar da ta fi ƙarfinsa, ya ji kunyar cewa a'a. Kamfanin da ya yi farashin mutum biyu a aikin mutum uku zai sa kowa cikin gaggawa. Mafi muni, inda ƙwararrun na ƙasa ke gudu saboda ba ci gaba, kullum sabon hannu ne a kan igiya, kuma sunan mai ceto yana kan takarda ne kawai, domin wanda aka rubuta bai sake hawa ba tun ranar jarabawa. Mahayin da ke ganin albashin na ƙasa bai shafe shi ba, ya manta wa zai hau ya sauko da shi.

Abin da adalci yake nema

Ba a rasa kamfanonin da suka gane haka ba, kuma abin da suke yi ba sihiri ba ne. Na farko, a rubuta matakan albashi kowa ya gani. Sabon shiga da ba shi da takarda ya fara daga mafi ƙarancin albashi, a kan kowace awa da ya yi, har da lodi da tafiya daga farfajiya zuwa wurin aiki. Kowace takarda da ya samu kuma yake amfani da ita ta zo da ƙari. Wanda aka dogara da shi a matsayin mai ceto, ko mai tuƙa mota da tirela, ko mai sauke manyan rassa da igiya, a biya shi kuɗin wannan amana. Gidauniyar Living Wage, wadda ke lissafa abin da mutum ke buƙata don ya rayu ba tare da ƙunci ba, ta sanya fam 12.60 a awa a ƙarshen 2024, a Landan kuma fam 13.85. Bai kamata ƙwararren na ƙasa ya tsaya a nan ba ma, balle ƙasa da haka.

Na biyu, a ba ɗan koyo bishiya. A ware masa ayyukan da suka yi daidai da shi, gwani yana kallonsa, a sa wannan lokaci cikin farashi tun farko. A yanka wa'adi, wata shida ko shekara, a zauna a duba inda ya kai. Ranar da kamfani ya fara sayar da aikinsa a matsayin na mahayi, ranar ce ya kamata albashinsa ya canza. Idan kamfani ya biya kuɗin horo, ba laifi a yi yarjejeniyar cewa zai mayar da wani kaso in ya tafi da wuri, muddin a rubuce take kuma kason yana raguwa da lokaci.

Na uku, a kira ma'aikaci da sunansa. Wanda yake ma'aikaci a aikace a sa shi cikin littafin albashi. Hukumar haraji ta HMRC ce ke bin diddigin mafi ƙarancin albashi, tana iya cin tarar da ta kai ninki biyu na abin da aka danne, kuma hukumar sasanci ta Acas tana ba da shawara kyauta ga duk wanda bai san matsayinsa ba. Matasa su daina kallon kuɗin yini kawai, su riƙa lissafin shekara.

Na ƙarshe yana hannun masu ba da aiki. Ƙananan hukumomi, da kamfanonin lantarki da na jirgin ƙasa, su ne manyan masu sayen wannan aiki, kuma suna da ikon sanya sharaɗin albashi mai kyau a cikin kwangilolinsu. Mai gida ma yana da nasa kason. Idan ya karɓi farashi uku ya ga ɗaya ya faɗi warwas, ya tambaya: mutum nawa za su zo, akwai inshora, wa zai yi ceto, ma'aikata ne ko 'yan kuɗin yini? Araha ba ta ado, kuma a wannan sana'a ragin da mai gida ya samu yawanci daga aljihun mafi ƙanƙanta a tawagar aka cire shi. Birtaniya tana da shekaru masu yawa na aikin bishiyar ash a gabanta, ga guguwar da ba ta fashi. Mahayan da za su yi wannan aiki nan da shekara goma su ne masu jan rassa a yau, kuma za su tsaya ne kawai idan sana'ar ta iya riƙe su.